Abin da Ban Rubuta a Bango Ba

Ni mai fenti ne, a Dilimi shagona yake,
tsakanin mai gyaran birki da mai tsofaffin tayoyi.
Shekara ashirin da bakwai ina zana sunayen mutane
a bango, a ƙofa, a bayan tifa.
Na san masu kyauta: kafin a aza tubali
sun aiko da girman harafin da suke so.

Shi ya sa da yaron Alhaji Sallau ya zo kirana
na ɗauki gwangwanin ruwan zinare, ban yi tambaya ba.

Asalin Sallau ba ɓoyayye ba ne.
Uwarsa Tabawa ta yi dakon ƙasar kuza a Barikin Ladi
har wuyanta ya daina juyawa.
Shi kuwa dankali ya ɗaga shi,
buhu ɗaya, buhu goma, sai ga tirela takwas
suna gangara Hawan Kibo cikin dare.

A bayan Rikkos na same shi,
cikin rigar sanyi mai maɓalli ɗaya,
yana ƙirga kwanon rufi da kansa,
yana faɗa da kafinta a kan ƙusa. Ƙusa!
Na ce a raina, yau kuɗin fenti sai an sha daga.

Aji shida. Ɗakin haihuwa mai gado tara.
Firjin magani mai cin hasken rana.
Rijiyar burtsatse kuma, ba a cikin katanga ba,
can bakin kwata, daidai inda unguwarmu ta ƙare
ta su Chundung ta fara,
inda tun rikici ko akuya ba ta tsallakawa bayan magariba.

Na ce, Alhaji, wane suna? Wane launi?
Ya ce, rubuta lokacin buɗewa.
Na ce, sai me?
Ya ce, rubuta: DA DARE MA A ƘWANƘWASA.

Na tsaya da buroshi kamar makahon da aka karɓe wa sanda.

Sai ya nuna tsohon ramin kuza da haɓa,
ruwan nan kore, lumui, kamar bai taɓa cin mutum ba.
Ƙanena Tanimu, in ji shi, bokiti ya je cikawa.
Bokitin ya dawo.
Daga nan bai ƙara ba,
ya koma wajen kafinta da zancen ƙusa.

A teburin mai shayi an yanke hukunci:
takara zai fito, ku zuba ido.
Wani ya ce zakka ce ta taru masa.
Ni ma na tofa tawa, ba zan ɓoye ba.
Zaɓe ya zo ya wuce,
na zana fuskar mutum goma sha ɗaya, babu tasa.

Ba waliyyi ba ne.
Ya zaftare min dubu biyu,
wai R ɗina ya karkace.
Aji na huɗu yana yoyo in an yi ƙanƙara,
kuma shekarar da dankali ya ruɓe a gona
malamai sun yi wata biyu suna cin bashi.

Amma wata Talata, kafin kiran assalatu,
sanyi na cizon kunne,
naƙuda ta zo wa Laraba kafin kwananta.
Na goya ta a babur.
Na ƙwanƙwasa.
Ungozoma Nvou ta buɗe da tocila a baki,
ba ta tambayi unguwarmu ba.

Ina kan dakali, haƙora na kaɗawa,
na ɗaga kai na ga hannuna a bango.
R ɗin a karkace yake. Gaskiyarsa.

A bakin famfo an fara jera bokitai,
na wannan gefe, na wancan,
cikin duhu ban gane na wa da na wa ba.
Can ciki sai wata sabuwar murya ta tsage.

Gwangwanin zinaren yana nan a kanta.
Jiya na girgiza shi. Ya daskare.