Lissafin Dare

Sun ba ni jar riga da kujera mai rawa,
sun rubuta sunana a ƙirji, harafi ɗaya ya faɗi:
Lantan.

Tun bakwai, a Ikeja,
nake ƙirga kuɗin da ba nawa ba.
Wata ta ɗauko madara gwangwani shida,
ta mayar da biyu.
Ban ɗago kai ba.
Wannan lissafin a gidanmu na koye shi.

"Babu canji," in ce, in miƙa alewa.
Sabis ya ɗauke, layi ya hau tsaki.

Tara na dare Madam Ronke ta ƙirga.
Dubu ɗaya ta yi ƙafa.
Albashina zai bi sawunta.

A motar Agege kwandasta ya ce, "Babu canji."
Na miƙa hannu ina jiran alewata.