Hular Bakwaini

Shekara talatin da huɗu ina ɗinkin hula
a rumfata, bayan tashar jirgin Ngaundare.
Kan alhaji na sani, kan ango na sani,
mutum ya sunkuyo gaisuwa na ɗauki awonsa.
Sai ga jikata ta sauka a wata bakwai,
kanta kamar ɗanyen mangwaro,
duk iyawata ta tashi a tutar babu.

Ungozoma ta ce, Baba, sanyi ta ka yake shiga.
Ga damina, kwana uku ruwa bai ɗauke ba,
gajimare ya sauko ya zauna a kan dutse.
Na ɗauko hular da na fi ji da ita,
wata biyu na yi ina zuba mata aiki.
Ta shafa cikinta da yatsa, ta miƙo mini:
wannan ai sai ta goge mata fata.

Goggo Dudu mai ƙosai ce ta ji tausayina.
Ta ba ni tsinke biyu na wayar keke,
an daddage bakinsu a dutsen washi,
da curin ulu ruwan ɗorawa
da ta warware daga rigar sanyi ta gwanjo,
har yanzu yana lanƙwashe, bai manta tsohon gida ba.

Ta ce, fara da na wuya, shi ba ya da wayo,
amma na yayanta Bobbo ne,
jinjiri ba a naɗa masa komai a wuya.
Ɗora ido goma sha biyu.
Soka, naɗa, jawo, saki.
In ka kai gefe ka juyo,
kamar mai huɗa ya kai bakin gona.

Yatsuna sun saba da siririyar allura,
suka shaƙe zaren har tsinke ya ƙi shiga.
Goggo tana juya ƙosai ba ta ko ɗago ba:
Malam Garga, ulu ba ɓarawo ba ne, sassauta masa.
Na sassauta, ido ɗaya ya sulale,
ya bar rami, akuya ta leƙa ta gaishe ka.
Na fara da sha biyu, na ƙare da sha bakwai,
abu ya karkace kamar gangaren hanyar Garwa.
Bobbo bai damu ba, ya ja shi ƙasa, wai jirginsa ne.

'Yan rumfa suka samu na yi:
tsoho ya koma sana'ar mata!
Na ce, kai dai kai ne, ko na wa.
Mai hular Salla ya zo sau uku ya koma,
jirgin yamma ya yi kuka, ban ji ba,
lissafin ido ya shige mini cikin tasbihi.

Hular ta ci ido arba'in.
Na gwada ta a kan lemo, na warware, na sake.
Kusa da tsakar ka, a haɗa biyu su zama ɗaya,
a yi ta ragewa har su saura takwas,
a zura zare a ja, kamar bakin jakar kuɗi.
Da na zo haɗa gefe zan ɓoye ɗinki ciki,
yadda ubangidana ya koya mini da ranƙwashi,
Goggo ta riƙe hannuna:
bar shi a waje, muni namu ne, laushi nata.

Ranar Talata na kai.
Ta karkata hagu, kunne ɗaya a waje.
Uwar ta gyara da ɗan yatsa,
yarinyar ta yi atishawa, ta koma barci.

Jiya Hapsatu ta aiko da ita a ƙulle cikin leda:
Baba, ta matse, ba ta shiga.
A sana'ata, hula ta yi wa kai kaɗan
abin kunya ne, sai ka mayar da kuɗi.
Na riƙe ta a tafin hannu na daɗe,
sannan na leƙa ta katanga:
Goggo, ido nawa ake ƙarawa?