Hannu Biyu

Na sauke shi daga bayan akori-kura,
na wuce rumfar aladu da ta kabewa,
zafin Agusta na dafa Nebraska.
Mai rajista ta gyara tabarau: "Sunan maɗinkiya?"
Na ce, "Verlene Hruska." Na haɗiye yawu.
"Ƙara Orval a ƙasa, da ƙananan baƙi."

Bargon ƙyallaye ne, ɗari uku da sha biyu:
rigar da ta sa ranar da ƙanƙara ta kashe masara,
labulen kicin, aljihun wandona,
rigar barcin Darla tun tana rarrafe.
Ta kai rabi a Fabrairu,
ta soke allura a gefe, ta ce sai gobe.
Goben ba ta same ta ba.

Ni da na saba da waya mai ƙaya,
ga ni ina lallashin zare ya shiga kafa.
Ɗinkinta jerin tururuwa,
nawa sawun saniya a taɓo.

Alƙaliya ta zo da farar safar hannu.
Ta bi layi da yatsa, ta bi, ta bi,
sai ta tsaya cak
daidai inda Verlene ta tsaya.
Ba ta dube ni ba.

Shuɗin ziri ya tafi gidan Lindqvist, sun cancanta.
Ni 'yar takarda na samu, maƙale da fil:
"Hannu biyu ne. Kada ka warware."

Da yamma na naɗe abina.
Allurarta na nan inda ta bar ta,
da wata na ƙarasa.