Zippirin Gavina

Raɓa ta bushe, rana ba ta ƙwalle ba tukuna,
na sauko da almakashin da ke bayan ƙofa,
wata bakwai ke nan ba wanda ya taɓa shi.
Iskar teku na hawowa tudu
da gishirinta a baki.

Baƙin da ke zuwa Sardiniya rozmari suke cewa.
Gavina kuwa zippiri take ce masa,
kamar mai kiran 'yar akuyar da ta yi nisa.

Ga shi nan jikin katangar dutse,
buzu-buzu, ya daɗe bai ga wanzami ba.
Ƙudan zuma sun riga ni sammako,
sun baibaye shuɗin furensa,
sai da na jira suka ba ni hanya.

"Bachisio, kan reshe kawai, inda yake ɗanye.
Tsohon ice ba ya yafe wa wuƙa."
Shekara arba'in da ɗaya ina jin wannan
daga inuwar zaitun, ina gyangyaɗi,
ashe kunne na ajiya ban sani ba.
Duk da haka yankan farko ya zarce.
Na waiga. Ba mai yi mini faɗa.

Danƙonsa ya manne mini a yatsu.

A madafa na tsige ganyen, sirara kamar allurai,
na daka da tafarnuwa da gishirin teku,
na shafe cinyar ɗan rago,
dankali a gefe, man zaitun na malala.
Karan da suka rage na watsa a garwashi.
Hayaƙin ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya
kamar mai cigiya.

Dami guda na rataye, kai ƙasa, a katakon rufi.
Guda na kai akwatin barguna saboda asu,
can na iske nata na bara,
ya bushe ƙayau, ɗaure da jan zare,
ƙullin da ban taɓa iya irinsa ba.
Na ajiye nawa kusa da shi.

Ƙararrawar coci na buga sha biyu
jikata Efisia ta turo ƙofa,
ta tsaya, ta ja dogon numfashi,
ta ce, "Kaka, gidan ya dawo."
Ta ɗanɗana, ta yatsine fuska:
"Amma ka cika hannu, har da ɗaci."

Na ce gobe ta zo ta riƙe almakashin.

Daren nan
ban sa wa hannuna sabulu ba.