Baƙon da Bai Bushe Ba

Shekara talatin ina bandar kifi a Guri.
Ko a duhu yatsana ya san
cikin tarwaɗa daban, na karfasa daban.

Bana na tsaga wata karfasa,
na ɗaga ƙarƙashin kunnenta,
sai ga farin zare kwance a kan jan nama.
Na ce ko taliya ce ta faɗo daga kwanon Tabawa.
Taliya ba ta ɗaga kai.

Barau, ƙanena, ya juye malinsa a gindin giginya:
kifi huɗu,
ɗaya da gyambo a gefen ciki,
saura duk jatan lande,
masu gashin baki irin na tsohon ɗan doka,
suna tsalle da baya da baya
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

An ce a jarka suka zo, bayan a-kori-kura,
don kandamin wani mai kuɗin birni.
Ambaliyar bara ta ɓalle musu ƙofa.

Baƙo raɓa ne, haka kakata ke faɗa.
To, rana ta fito, ta take, ta faɗi,
wannan bai bushe ba.
Da nasa baƙin ma ya zo,
kwarkwata a wuya, tsutsa a ciki,
yana raba su gida-gida cikin kachala
kamar goron suna.

Wani yaro daga ma'aikata ya zo da kwalba,
ya ɗiba, ya rubuta,
ya faɗi suna mai tsawon igiyar rijiya.
Ya ce zai dawo.
Takalminsa ko jiƙewa bai yi ba.

Hayaƙi yana rufa asiri, na sani.
In kifi ya yi baƙi, ya lanƙwashe,
wa zai leƙa kunnensa?
Ranar kasuwa wata dattijuwa daga Hadeja
ta ce in zaɓa mata mai kyau,
'yarta ke jego.
Hannuna ya nufi babban kwando,
ya tsaya.

Uku na ba ta, daga ƙarami.
Babban na haƙa masa rami bayan danga,
na ɗora turmi don kare.

Da dare ban lissafa asara ba.
Ina dai jin su a bokitin Barau,
ƙaras, ƙaras,
suna laluben baki.