Ƙwayar Sukari a Bakin Zane

Alhamis ce, ranar cikar Kasuwar Dole.
Baba ya fita da jakunkuna shida na jar fata.
Kafin azahar ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofarmu a Birni,
ko babur bai kashe ba:
“Ke ce Barira ta Haladu baduku? Hau.”

Takalmi ɗaya nawa, ɗaya na ƙanena.

Na tarar da shi kwance tsakanin rumfuna,
gumi ya jiƙa taguwarsa sharkaf,
ido a buɗe, amma ba ni yake gani ba.
Wani ya ce iska ne, wani na tofi,
wani ya ce ko dattijon ya sha wani abu ne.
Wannan maganar har yau tana maƙale mini a wuya
kamar ƙayar kifi.

A babban asibiti majo ta soki yatsansa,
ta dubi ƙaramar na'ura, ta dube ni:
“Ya yi allura da safe?” Na ce ya yi.
“Ya karya?”
Sai bakina ya mutu.

Daren nan ne ruwa ya dawo famfo bayan kwana huɗu.
Ni na yi masa allurar, na ce ya jira kunu,
na ruga layi da jarka biyu.
Da na dawo, tabarmarsa a naɗe.

Shekara uku ina yaƙi da zaƙi a gidan nan.
Na ɓoye dabino, na kori mai alewa,
na taɓa yi wa mahaifina tsawa a kan shayi kofi ɗaya.
Ga shi abin da na hana shi
shi aka ɗura masa a jijiya ya dawo.
Ya buɗe baki, tambayarsa ta fari:
“Ina jakunkunana?”
Na yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Yau sati biyar da sallamarmu.
Shi ya warware. Ni ce ban dawo ba.
Nakan tashi sau uku, sau huɗu,
in tsaya bakin ɗakinsa ina ƙirga numfashi.
In ya yi minshari, alhamdulillahi.
In ya yi shiru, sai ƙafata ta ɗauki rawa.
In an ɗauke wuta, in lalubi kwalbar allura
cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa,
in taɓa, in sake taɓawa.
Ƙarar babur kowane iri, a ƙirjina take tsayawa.

Na ƙulle ƙwayar sukari uku a bakin zane.
Kiyashi sun gane ni,
har kan sallaya suke biyo ni a jere.

Maƙwabta na cewa, “Ya mai jiki?”
Da sauƙi.
Babu mai tambayar mai jinya.
Goggo Habsu kaɗai ta kama hannuna a soro,
ta ce, “Ke, yaushe rabonki da tuwo?”
Na hau duwatsun bayan unguwa da magariba,
na yi kukan da na ci bashinsa tun a kasuwa.
Awaki na kallona, suna tuƙa.

Jiya ya kira ni rumfarsa.
Ya ɗinka ƴan jakunkuna biyu, kamar layu.
Ɗaya ya rataya a wuyansa:
sukari a ciki, da takarda mai sunan ciwon da lambata.
Ɗaya ya miƙo mini.
“Ki huta da kiyashi,” in ji shi.
“Kunun nan, ni na ƙi jira, ba ke ba.
Kuma ina jin tsayuwarki kowane dare.
Minsharin ma, rabi don ke nake yi.”

Ban ce komai ba. Fatar na warin bagaruwa.

Daren jiya sau ɗaya na tashi.
Na biyun, gari ya riga ya waye,
na zabura, zane a hannu,
sai na ji cokali na bugun kwano a tsakar gida,
a hankali,
yana shan kununsa.