Kunnen Jita

Chollom kunnuwa yake kiransu,
fikof ɗin nan uku da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiya.
Ya ce da su jita take jin abin da yatsa ya faɗa
kafin ta kai wa lasifika gulma.
Tawa kuwa akwai ƙarin gishiri:
in na ce mata allura, sai ta je ta ce wuƙa.

Shekara huɗu ina kare ta.
Sai a wani biki a Tudun Wada
na ga wata tsohuwa ta cusa gefen mayafi a kunne,
ta ja kujerarta baya, ba ta ce uffan ba.
Da aka tashi, Kande mai rera mana ta ce,
tana naɗe wayar makirufo a gwiwar hannu:
"Jitarka tana cinye naman muryata,
ta bar wa mutane ƙashi."

Shagon yana Dilimi, tsakanin mai gyaran firiji da mai shayi.
Ƙaurin dalma, yayyafi tun asuba,
sanyin Jos yana shiga ta hannun riga.
Ya ce, bari mu fara da abin da ba a biya.
Ya ɗauki sukundireba, ya nutsar da kunnen gindi juyi biyu.
Na kaɗa.
Ta rage tsiwa, amma harshen yana nan.

Sai ya zube uku a kan tsohuwar jarida.
Na farko, baƙin maganaɗisu mai ƙarfi:
"Ƙanen naka ne, gidansu ɗaya, kada ma ka taɓa."
Na biyu tagwaye, naɗi biyu kafaɗa da kafaɗa,
yana haɗiye zuzun wutar Nepa,
murya kauri kamar kunun gyaɗa da ya kwana,
sai dai ba zai zauna ba sai an sassaƙe cikinta.
Na shafa bayan jitar, inda gumina ya cinye fenti.
Na ce a'a.

Na uku tsoho ne, murfinsa ya koma kalar haƙori,
maganaɗisunsa mai sanyin hali,
an ƙara masa naɗin jan ƙarfe,
waya siririya kamar gashin jariri.
Chollom bai yabe shi ba.
Ya ce, "Ɗumi ba kyauta ba ne.
Ranar da ganga da bes suka taso tare
za ka nemi kanka a cikin kiɗan, ka rasa.
Kaifin nan da kake zagi, shi yake fitar da kai."

Na daɗe a tsaye.
Na tuna sau nawa na fito,
da wanda na taka kafin in fito.

Muka tsaya a kan guda ɗaya:
a canza na gindi, a bar na tsakiya da na wuya.
Ya ce dubu arba'in, na ce talatin,
muka rabu a talatin da biyar da kofin shayi.
Yana ɗora dalma, aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna kallon ruwan indararo
har janareton mai firiji ya yi tari ya tashi.

Na kaɗa tsirkiya ta biyu, a hankali.
Ban san sunan abin da ya fito ba.
Ya yi kama da dankali da aka tono daga toka
aka miƙa maka, hannunka yana rawar ɗari.
Mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu,
ya ce, "Wa ya zo?"

Kande ba ta ji ba tukuna, sai Asabar.
Wataƙila ta ce na yi laushi da yawa.

Tsohon kunnen na jefa a aljihu.
Har Farin Gada, a cikin keke,
ya kama makullaina ya ƙi saki,
duk ramin da muka faɗa sai ya ce ƙyas,
yana da sauran magana.